Bindigar Gargajiya a Ƙasar Hausa

Bindigar gargajiya ita ce wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, a harba sau ɗaya, sannan a tsaya a sake ɗuri. Hausawa suna kiranta bindigar toka, ko baushe, ko adaka, wasu kuma su ce harba-ka-ruga. Wannan suna na ƙarshe shi ya fi bayyana halinta, domin da zarar maharbi ya ja kunama, abin da ya rage a hannunsa sanda ce kawai. In ya kuskure ɓauna, sai ƙafa ta cece shi.

Kalmomin da suka shafi wannan makami suna nuna hanyar da ya biyo. Bindiga da albarushi da harsashi duk aro ne daga Larabci, wato ta hannun fataken Sahara Bahaushe ya fara jin sunayensu. Amma da ya zo raɗa wa sassanta suna, sai ya koma ga abin da ya sani. Ƙarfen da ake ja a harba, mai lanƙwasa kamar wutsiyar kunama, ya kira shi kunama. Wannan misali ne mai kyau ga malamin da zai koyar da aron kalmomi da faɗaɗa ma'ana a darasi guda.

Shigowarta

Borno ta riga ƙasar Hausa amfani da ita a fagen fama, domin Mai Idris Alooma ya samo 'yan bindiga Turkawa tun ƙarni na 16. A Kano kuwa, littafin tarihin sarakunanta ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743) aka kawo bindigogi, kuma Babba Zaki (1768–1776) shi ne sarki na farko da ya kafa rundunar 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. A Damagaram, Sarki Tanimu (1851–1884) ya tara bindigogi masu yawa, har ana haɗa albarushi da ƙera igwa a Zinder.

Akwai kuma hanyar kudu. Turawa masu ciniki a bakin teku sun riƙa kawo dogayen bindigogi masu arha, akasari ƙirar Birmingham ta Ingila, waɗanda ake jingina sunansu ga 'yan kasuwar Denmark da suka zauna a gaɓar ƙasar da ake kira Ghana a yau. Irin waɗannan suna tashi ne da ƙyastu: dutsen ƙanƙara ya bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi.

Duk da haka bindiga ba ta kori doki da baka ba a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya, ɗan baka ya saki kibau da dama, ga shi kuma damina tana jiƙa albarushi. Sarakuna ma ba su cika sakin ta ga kowa ba. Bayin sarki amintattu ake ba, don kada makami ya juyo kan mai shi.

A wannan lokaci ƙira ta yi nisa a Turai. A 1871 sojan Ingila suka karɓi bindigar Martini-Henry. Ita ma harsashi ɗaya take ɗauka, sai dai ta baya ake sa shi, kuma an zana cikin bututunta yadda harsashi zai fita yana juyawa, ya yi nisa bai kauce ba. Sannan yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa yawancin ƙasashen Afirka bindigogin zamani, aka bar musu masu ƙyastu kaɗai. Sakamakon wannan giɓi ya bayyana a 1903, lokacin da Kano da Sakkwato suka fuskanci bindiga mai ruwa.

Matsayinta a Yau

Inda ta fi fitowa fili shi ne hawan salla. 'Yan bindigar sarki sukan harba albarushi zalla ba harsashi, ƙara da hayaƙi su sanar da jama'a cewa sarki ya fito. Mafarauta suna riƙe da ita, kuma 'yan sa-kai a ƙauyukan Zamfara da Katsina sun sha ɗaukarta don tare ɓarayin daji masu AK-47, abin da ya jawo asarar rayuka da dama, domin tazarar da ke tsakanin makaman biyu ba ta jarunta ba ce. Haɗarinta ga mai ita ma ba ƙarami ba ne. Wasu maƙera da bututun ruwa suke ƙera ta, in ɗuri ya yi yawa sai ta fashe a hannu, ta tafi da yatsu ko ido. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, ta sa masu ɗuri ta baki a kaso na uku, ta kuma hana ƙera kowace iri ba da izini ba.

Ta fuskar adanawa an bar mu a baya. A Turai da Amurka akwai masu tara tsoffin bindigogi masu harbi ɗaya, suna bin lambar ƙira da hatimin masana'anta, suna kuma gasar harbi da su. A 2003 wasu 'yan kasuwa suka sayi dubban tsoffin makamai daga rumbun masarautar Nefal, ciki har da Martini-Henry, suka sayar wa irin waɗannan mutane. A nan kuwa, ban da 'yan makaman da ke gidajen tarihi irin Gidan Makama na Kano, tsohuwar bindiga takan ƙare ne a kusurwar zaure, tsatsa ta cinye bututu, gara ta cinye ƙota, ko magada su sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Ɗalibin da ya tafi koyarwa garin da ke da Sarkin Bindiga ko tsohon maharbi yana iya rubuta sunayen sassanta da kirarin masu ita daga bakinsu, ya ɗauki hotonta da izinin mai ita, ba tare da ya taɓa kunama ba, domin tsohon ɗuri yakan daɗe a ciki bai mutu ba.