Bujin ɗumama injin gazuwal: a cire shi ko a bar shi?

Motar a-kori-kura, wadda muke kira bashe, ita ce jakin zamani a karkara. Ita ke kai gero da wake kasuwa. Ita ke ɗauko albasa daga Galmi. Ita ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare. Yawancin motocin nan tsofaffi ne. An sake wa wasu inji, an ƙara wa wasu ƙarfi. A wajen wannan gyara ne wasu makanikai ke cewa: "Ƙasarmu ƙasar zafi ce, a cire bujin ɗumama, ba shi da amfani." Kafin ka yarda, ka san aikinsa.

Mene ne aikin bujin ɗumama?

Injin esansi yana kamawa da tartsatsin wuta. Injin gazuwal kuwa da zafin iska yake kamawa. Fistan yana matse iska kusan sau 20, har zafinta ya wuce digiri 500. Sai a fesa gazuwal, ya kama da kansa. Amma idan inji ya kwana ya yi sanyi, ƙarfensa yana shanye wannan zafi. A nan buji ke taimako. Da ka murɗa makulli, bakinsa sai ya yi jajir kamar garwashi, ya ɗumama wurin da mai zai kama. Kowace silinda da bujinta.

Injuna iri biyu ne

A iri na farko, ana fesa mai cikin wani ɗan ɗaki da ke cikin kan inji. Haka injunan Toyota Hilux masu lamba 2L da 3L da 5L suke, da 1HZ na Land Cruiser, da na Peugeot 504 mai gazuwal. Wannan iri yana wahalar tashi da sanyi in babu buji. A iri na biyu, ana fesa mai kai tsaye a kan fistan. Shi ya fi saurin tashi. Saboda haka, in an sake maka inji, ka tambayi lambarsa da irinsa.

Me ya sa wasu ke cirewa?

Suna da dalili. Idan an ƙara wa inji tirbo, ko an buɗe famfon mai fiye da kima, zafin ciki yana ƙaruwa. Bakin buji yana iya ƙonewa, ya kumbura, ya karye, ya faɗa kan fistan. Wannan babbar ɓarna ce. Shi ya sa wasu masu tseren mota a Amurka ke cire shi su toshe ramin. Amma motarsu ta wasa ce. Taka ta neman abinci ce, kuma da asuba take tashi.

Abin da ke biyo bayan cirewa

A watan Afrilu ba za ka ga bambanci sosai ba. Sai ɗari ya shigo, a Disamba da Janairu. A lokacin, da asuba, sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15 a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Inji zai yi ta juyawa bai kama ba. Batir zai mutu da wuri. Demarer, wato na'urar da ke juya inji, zai ƙone. Farin hayaƙi zai turnuƙe. Man da bai ƙone ba zai wanke bakin man da ke jikin silinda, inji ya ci kansa. Mai naƙuda kuwa ba ta jiran a tara masu turi.

Shawarwari

1. Ka bar bujin a wurinsa. Wanda ya mutu, a sake shi da sabo.
2. Ka sayi wanda ya dace da motarka. Wasu motoci na aiki da bolt 12, wasu da 24. Na 12 yana ƙonewa a kan 24.
3. Ka jira fitilar buji ta mutu a gabanka kafin ka tayar da inji.
4. In an sa maka maɓallin dannawa da hannu, kada ka daɗe kana danne shi. Daɗewa ke ƙona buji.
5. In an ƙara wa inji ƙarfi, a daidaita famfon mai, a riƙa duba bujin kafin ɗari.
6. In buji ya cije, kada a murɗa shi da ƙarfi. A zuba masa mai, a kwance shi a hankali inji yana da ɗumi.
7. Kada ka kanga tsumma mai esansi ko wuta a bakin iskar inji. Yana iya fashewa, ya ƙona ka.
8. Kada ka tayar da mota cikin rufaffen ɗaki. Hayaƙinta guba ne.

Kuɗin buji huɗu bai kai kuɗin batir da demarer ba, balle na sabon inji. Wanda ya iya karatu ya karanta wa direban garinsu wannan shafi. Rigakafi ya fi magani.