Awon baƙin hayaƙi: da wane mudu aka auna?

Tun shekarar 2016 mazauna Fatakwal ke kokawa da baƙin hayaƙin da ke sauka a kan rufi da tufafi, yana shiga huhun yara. Duk sanda irin wannan batu ya taso, sai a fito da alƙaluma a ce ga yawan kabon da ke cikin iska. Ni kuwa tambayar da nake so mai karatu ya riƙa yi ita ce: da wane mudu aka auna?

Ga yadda ake awon. Ana zuƙo iska ta cikin wani farin faifan tacewa, ƙananan ƙwayoyin ƙura su maƙale a jikinsa. A ɗakin gwaji sai a yanki guntu a gasa shi mataki-mataki, da farko cikin iskar hiliyam zalla, daga baya a ƙara oksijin. Abin da ya fita a zangon farko shi ne kabon mai saurin tashi. Na zango na biyu shi ne baƙin kabon, wato kunkunniya.

Matsalar ita ce wani ɓangare na na farkon yakan babbake wajen gashi, ya rikiɗe kamar na biyu. Don haka ake haska faifan da lesa a gano inda za a raba su, kuma a nan hanyoyi suka sha bamban. A zangon hiliyam, tsarin NIOSH na Amurka yakan kai zafi kusan digiri 870, EUSAAR_2 na Turai ya tsaya a 650, IMPROVE_A kuwa a 580. Jimillar kabon takan zo kusan ɗaya, amma adadin baƙin kabon na faifai guda yana iya ninkawa daga wannan tsari zuwa wancan.

Shi kansa faifan yana tsotsar tururin sinadarai, ya ƙara wa awon abin da ba ƙura ba ne. Mu nan Arewa muna da ƙarin damuwa: ƙurar Sahara da hunturu ke kawowa tana ɗauke da farar ƙasa, wadda akwai kabon a jikinta, da tsatsar ƙarfe mai sa kunkunniya ta ƙone kafin lokacinta.

Wannan ba gardamar masana kaɗai ba ce. Da gwama nau'ukan kabon biyun ake hasashen ko hayaƙin daga dizal yake ko daga itacen girki, kuma a kan hasashen ake ɗora doka da kasafi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su riƙa auna baƙin kabon a kai a kai.

Ina kira ga hukumomin muhalli da jami'o'inmu: duk lambar da za a fitar, a faɗi tsarin da aka bi, da tazarar kuskurenta, da ko an yi la'akari da ƙurar hunturu. Mu 'yan jarida kuma kada mu buga ta sai mun tambaya. Mai sayen hatsi ma ba ya biya sai ya ga mudun.