Katin Sadarwa da Direbansa a Tsarin Linux

Daga cikin matsalolin da sukan tari wanda ya girka Linux a kwamfutarsa, da wuya a sami wadda ta kai rashin aikin katin sadarwa ɗaure kai. Dalili kuwa shi ne, maganin yawancin matsaloli a intanet ake samo shi, ita kuwa wannan hanyar intanet ɗin ta toshe. Sai ma'aikaci ya zauna gaban na'ura lafiyayya, ya kasa aika ko da wasiƙa guda, ya yanke hukunci cewa katin ya ƙone. Galibi ba haka abin yake ba.

Shi kati, na waya ne ko na iska, ba ya jin yaren cibiyar tsarin, watau ɓangaren nan da Linus Torvalds ya soma rubutawa a Helsinki cikin 1991. Tilas sai da tafinta a tsakaninsu, shi ne ake kira direba. Kowane kati yana ɗauke da lambobi biyu, ta kamfanin da ya ƙera shi da ta samfurinsa. Lambar Intel ita ce 8086, ta Realtek 10ec, ta Broadcom kuwa 14e4. Kowane direba kuma yana riƙe da jerin lambobin da ya sani, da su cibiya take haɗa kati da tafintansa. Saboda haka sunan da ke jikin kwali ba abin dogara ba ne, domin kamfanoni sukan sauya kayan cikin kati su bar sunan yadda yake.

Mai bincike yakan fara da umurnin lspci -nnk, wanda yake bayyana lambobin tare da sunan direban da ya kama aiki. In katin na USB ne, sai lsusb. Idan katin bai fito a jerin ba sam, to a duba ko an kashe shi a saitin BIOS kafin a ɗora masa laifi. Idan ya fito amma babu direba a ƙarƙashinsa, sau da yawa katin ne ya fi cibiyar sabunta, maganinsa kuwa sabuwar cibiya.

Inda aikin yake shi ne a ga kati, a ga direba, amma shiru. A nan sai a koma ga dmesg, watau littafin da cibiya take rubuta abin da ya same ta tun daga kunnawa. Katunan iska da yawa ba sa motsi sai an ɗura musu wata ƙaramar manhaja ta cikinsu duk lokacin da aka kunna na'ura, kuma kamfanoni sun ɓoye yadda aka rubuta ta. Shekara da shekaru masu Debian sun ƙi saka irin waɗannan a faifansu na girkawa na hukuma, bisa aƙidarsu ta buɗaɗɗiyar manhaja, har sai da suka jefa ƙuri'a a 2022, Debian 12 ta fito da su a 2023. Aƙidar tana da hujja, amma wanda ya sha wahalarta shi ne sabon shiga.

Lalle tushen matsalar ya fi kusa da siyasar kamfanoni bisa ga gazawar masana. Tun cikin shekarun 1990 Donald Becker ya rubuta direbobi masu yawa na katunan waya. Amma inda kamfani ya hana bayanin kayansa, sai dabara: a 2003 aka fito da NDISwrapper domin a ari direban Windows a yi aiki da shi, Broadcom kuwa sai 2010 ta saki buɗaɗɗen direba na wasu katunanta na iska.

Akwai kuma rikicin tafinta biyu a kan kati ɗaya. Katunan Realtek masu lamba 8168 suna da r8169 na cikin cibiya, da r8168 na kamfanin. In sadarwa tana yankewa, wasu sukan koma ga na biyun, sa'an nan su hana na farko tashi. Sai dai direban da aka kawo daga waje yana bukatar a sake gina shi duk sa'ad da cibiya ta sauya, aikin da DKMS yake yi, kuma Secure Boot yakan ƙi shi in ba shi da sa hannu.

Wani lokaci ma direba ba shi da laifi ko kaɗan. Umurnin rfkill yakan nuna cewa maɓalli ne ya rufe iskar. Tun 2013 kuma sunaye irin su eth0 suka soma komawa irin su enp3s0, tsohon saiti ya yi ta kiran sunan da babu shi.

Shi kuwa wanda fayil guda ya tsare, wayar hannu takan fisshe shi: a haɗa ta da kebul na USB, a kunna raba intanet, domin direban wannan hanya yana cikin cibiya tun asali, a sauko da abin da ya rage.