Littafin Kwastan da Ƙidayar Bakin Iyaka: Wanne Ya Fi Sanin Cinikinmu?

A shekarar 2018 hukumomin Amurka sun ce kayan da ƙasarsu ta saya daga Sin sun zarce waɗanda ta sayar mata da kusan dala biliyan 419. Hukumar kwastan ta Sin kuwa ta ce ratar dala biliyan 323 ce. Shekara ɗaya ake magana a kai, jiragen ruwan ma su ne dai, amma tsakanin lissafin biyu akwai kusan dala biliyan 100. Ba lallai ne wani ya yi ƙarya ba. Kayan da suka bi ta Hong Kong, Sin takan rubuta cewa Hong Kong ta sayar wa, Amurka kuma ta rubuta cewa daga Sin suka fito. Sannan farashin da aka yi wa kaya ranar tashi ba shi ne na ranar sauka ba, domin 'yan tsakiya sun ɗora nasu a hanya. To, idan ƙasashe biyu masu tarin ma'aikata da na'urori sun kasa haɗa baki a kan lissafi, ina ga Najeriya da Nijar, waɗanda iyakarsu ta kai kusan kilomita 1,500, kuma a wurare da dama gonar wannan ƙasa ce ta jingina da gonar waccan?

Hanya biyu ake bi a san abin da ke shiga ƙasa da abin da ke fita. Ta farko ita ce littafin kwastan, wato takardun da mai kaya ke cikewa a tashar jiragen ruwa ko filin jirgin sama ko ƙofar iyaka. Ta biyu ita ce a tura masu ƙidaya su zauna a mashigai, su ƙirga da idonsu abin da ke wucewa, ko an cike masa takarda ko ba a cike ba.

Littafin kwastan ne babba, kuma ya cancanci girmansa. Tun 1988 ƙasashen duniya ke amfani da tsarin lambobi guda na Hukumar Kwastan ta Duniya, inda kowane irin kaya ke da lamba mai alƙaluma shida, ta yadda shinkafar da aka rubuta a Bankok ita ce shinkafar da za a karanta a Kwatano. Daga waɗannan takardu ne Majalisar Ɗinkin Duniya ke tara rumbunta na Comtrade, wanda ke ɗauke da alƙaluma tun daga 1962. Su ne kuma ƙashin bayan rahoton cinikin ƙetare da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ke fitarwa duk bayan wata uku. Ɗanyen man da aka loda a Boni, ko yuraniyom ɗin Arlit, ko injinan da suka sauka a Apapa, duk littafin kan gan su, domin manyan kamfanoni ne ke cinikinsu ta banki.

Yana da wata fa'ida kuma da ba a cika lura da ita ba. Kowane ciniki ana rubuta shi sau biyu, a wurin mai sayarwa da wurin mai saye, don haka idan aka ajiye littattafan biyu gefe da gefe sai ɓoyayyen abu ya bayyana. Shinkafa misali ce. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sanya ta cikin kayayyaki 41 da ya hana a ba su dala a farashin gwamnati, daga baya kuma aka haramta shigo da ita ta iyakokin ƙasa. Littafin Najeriya ya nuna shinkafar Tailan ta kusan daina shigowa. Amma littafin Tailan ya nuna Jamhuriyar Benin, ƙasar da mutanenta ba su kai na jihar Kano yawa ba, ta shiga sahun gaba cikin masu sayen shinkafarta a duniya, kuma akasarinta turararriya ce, irin wadda 'yan Najeriya suka fi ci. Kowa ya san inda ta nufa. Wata ta bi ta Seme, wata ta haura Gaya da Maraɗi ta gangaro Katsina a kan babura. Haka ma zinari: ta hanyar gwada abin da ƙasashen Afirka suka ce sun fitar da abin da masu saye, musamman Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka ce sun karɓa, ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta cewa aƙalla tan 435 ne aka fitar daga nahiyar a ɓoye a shekarar 2022 kaɗai. Babu mai ƙidayar da zai zauna bakin hanya ya gano wannan, domin zinari a aljihu da jakar hannu yake tafiya.

Sai dai ba don ƙirga ciniki aka buɗe littafin kwastan ba. Don karɓar haraji aka buɗe shi, ƙididdiga ta biyo baya ne. A nan rauninsa yake. Abin da ya guje wa haraji ba ya shiga ciki, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kayan da babu haraji a kansu ma ba su cika shiga ba. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince cewa amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu su riƙa wucewa tsakaninsu ba tare da kuɗin fito ba. Jami'in da ba zai karɓi komai a hukumance a kan buhun gero ba, me zai sa ya wahalar da kansa wajen rubuta nauyinsa da farashinsa daidai? Shi ya sa nake ganin zalunci ne a riƙa kiran duk cinikin da bai shiga littafi ba da sunan fasa-ƙwauri. Da yawansa halal ne a shari'a da doka, rubuta shi ne kawai ba a yi.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san abin da nake nufi. Tun kafin rana ta ɗaga garke-garken shanu da raƙuma da tumaki ke isowa daga wajen Dungas da Magarya da can cikin Damagaram, wasu a mota, wasu an koro su da ƙafa ta daji. Baƙo ya sauka wurin fatomansa, dillali ya shiga tsakani, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a cire la'ada. Mai sa ya karɓi nairarsa, ya je wurin ɗan canji ya mayar da ita sefa, ko kuma ya sayi masara da siminti da atamfa ya koma gida da su. Kafin magariba tireloli sun cika sun nufi Legas da Fatakwal. An yi cinikin ƙasa da ƙasa na miliyoyi, an yi canjin kuɗi, an biya bashi, amma babu bankin da ya ga kuɗin, kuma abin da takarda ta kama bai kai abin da ya wuce ba. Haka abin yake a Illela da Jibiya da Mai'adua, haka waken Nijar ke cika shagunan Dawanau, haka albasar Galmi ke kaiwa har Akara da Abijan.

Ƙidayar bakin iyaka don irin wannan ciniki aka ƙirƙiro ta, kuma Yuganda ce ta fi daɗewa tana yinta da gaske. Tun 2005 Hukumar Ƙididdiga ta ƙasar da Babban Bankinta ke tura ma'aikata manyan mashigai irin su Busia da Mpondwe. Sukan zauna mako biyu a wata, su ƙirga buhunan da ke kan kekuna da kwandunan da ke kan mata, su auna samfur don sanin nauyi, su shiga kasuwa mafi kusa su tambayi farashi, sannan a yi lissafin sauran kwanakin watan. Ba sa kama kowa, ba sa karɓar ko sisi. Da wannan aiki aka gano cewa a shekarun 2017 zuwa 2019 ƙasar na fitar da kayan sama da dala miliyan 500 duk shekara waɗanda kwastan ba ta rubuta ba, kuma ana haɗa adadin cikin lissafin kuɗin shiga da fita na ƙasa. Benin ma ta gwada a 2011, ta baza masu ƙidaya a mashiganta, sakamakon ya nuna mafi yawan abin da take turawa Najeriya ba ya cikin littafi.

Ita ma wannan hanya tana da nata naƙasu. Mai ƙidaya da rana yake aiki, alhali fetur da shinkafar sumoga da dare suke tafiya. Aikin na cin kuɗi. Idan kuma na 'yan kwanaki aka yi, kamar yadda Benin ta yi, ba zai nuna bambancin kaka da bazara ba, balle tashin kasuwar raguna gab da Babbar Sallah. A iyakokinmu akwai ƙarin matsalar tsaro, domin akwai mashigai a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Difa inda ba za a iya zaunar da ma'aikaci da takarda a hannu ba. Kuma alƙaluman Yuganda ba su gwaduwa kai tsaye da na wata ƙasa, tunda kowa da yadda yake ƙirga nasa.

Duk da haka, idan aka tambaye ni wanne ne rashinsa ya fi cutar da mu, ba zan yi jinkiri ba. A watan Yulin 2019 Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka. A watan Agusta ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum ba sai a Disamban 2020. An yi haka ne don shinkafa da fetur da makamai, amma ƙofar da ta tare shinkafar Tailan ita ce ta tare saniya da wake da doya. Wanda ya duba littafin kwastan kaɗai zai ga cinikin Najeriya da maƙwabtanta ɗan kaɗan ne, sai ya ɗauka asarar rufewa ba ta taka kara ta karya ba. Dillalin Maigatari da direban Ƙonni da mai sayar da abinci a tashar Jibiya sun san ba haka ba ne, amma babu adadin da zai tsaya musu a teburin shawara. An sake maimaita hakan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024.

Fetur ma ya nuna mana girman abin da ba mu ƙirgawa. Bayan cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, adadin da hukuma ta ce ana sha kullum a Najeriya ya faɗo daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50. Tsada ta rage sha a gida, gaskiya ne, amma wani kaso na wancan mai dama can a kwalaben 'yan ruwa-ruwa, wato masu sayar da fetur a bakin titi, na Maraɗi da Damagaram da Kwatano yake ƙarewa. Shekara da shekaru ana rubuta shi a matsayin abin da 'yan Najeriya suka ƙona, alhali kaya ne da aka fitar waje. Ko maganar da ake yawan yi cewa cinikin ƙasashen Afirka da junansu bai wuce kusan kashi 15 cikin 100 na cinikinsu duka ba, daga littafin kwastan ta fito, babu shanun Maigatari da yawa a cikinta.

Hukuncina shi ne, littafin kwastan ya fi sanin cinikinmu da Turai da Asiya, ƙidayar bakin iyaka ta fi sanin cinikinmu da 'yan'uwanmu, kuma wannan na biyun shi ne ke ciyar da Arewa da kudancin Nijar. Muna da na farko, ko da gyara yake nema. Na biyun ne ba mu da shi a tsaye. Yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma za a sake zama a tsara yadda kaya za su riƙa wucewa, buƙatarsa ta ƙaru.

Kirana ga Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya da takwararta ta Nijar shi ne su fara da mashigai huɗu ko biyar da ake da kwanciyar hankali, su ɗauki 'yan garin da suka san dillalai da fatomomi, su yi ƙidayar duk wata har shekara ta zagayo, su buga sakamakon da Hausa kowa ya gani. Kuma su raba aikin da masu kaki da masu karɓar haraji, domin ranar da ɗan kasuwa ya ga takardar mai ƙidaya ta koma takardar haraji, zai sauya hanya ya bi ta daji.