An Cire Maka Haƙori? Ga Yadda Za Ka Kula Da Bakinka

Babban mutum yana da haƙora 32, yaro kuma yana da na nono guda 20. Na nono idan sun faɗi wasu za su fito, amma na babba idan ya tafi ya tafi ke nan. Shi ya sa ba ma gaggawar cire haƙori. Idan kogon bai yi zurfi ba, ana iya tsabtace shi a cike. Amma idan ruɓa ta kai ga jijiya, ko haƙorin ya karye har cikin dasashi, ko mugunya ta taru a gindinsa, sau da yawa cirewa ita ce mafita. Aikin cirewa ba ya daɗewa. Warkewa kuwa tana hannunka, domin a gida ake yin ta.

Kafin ka zo

Ka ci abinci kafin ka fito. Wanda ya zo da yunwa yakan ji jiri bayan allura. Ka zo da safe, domin ka samu ka huta kafin ka kama hanyar gida.

Kafin a taɓa bakinka, ka gaya wa likita idan kana da ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, sikila ko sida, ko idan jini yakan daɗe yana zuba idan ka yanke. Ka zo da duk magungunan da kake sha a gani, har da na gargajiya. Idan wani magani ya taɓa sa maka ƙuraje ko kumburin fuska, musamman fenisilin, ka faɗa. 'Yar'uwa, idan kina da ciki kada ki ɓoye. Ana iya yi wa mai ciki aikin haƙori, lokacin da ya fi sauƙi shi ne daga wata na 4 zuwa na 6, amma akwai magungunan da ba za a ba ki ba.

Wasu suna tsoron cewa cire haƙorin sama yana kashe ido. Ba haka ba ne: jijiyar gani daban, ta haƙori daban. Haka kuma babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin ragowar sukari a baki, suna fitar da tsami mai cinye haƙorin. Kada ka zuba ruwan batir ko fetur a kogon, kada kuma ka ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi. Duka suna ƙona nama, ciwon kuma yana nan. Kada ka ba mai awartaki a kasuwa bakinka. Ƙarfen da ba a dafa ba yana iya ɗauko ciwon hanta ko sida daga bakin wani, kuma sau da yawa haƙorin yakan karye, saiwar ta zauna a ciki tana ruɓewa.

Gudan jini shi ne murfin ramin

Idan haƙori ya fita, yakan bar rami a cikin ƙashin muƙamuƙi. Jini zai cika ramin ya daskare ya zama guda. Wannan gudan jinin ba ƙazanta ba ne. Shi ne murfin da ke rufe ƙashi da jijiya, kuma a cikinsa sabon nama yake tsirowa. Duk dokokin da za mu ba ka manufarsu ɗaya ce: kada gudan nan ya fita.

Ranar farko

Ka ciji audugar da aka sa maka da ƙarfi har minti 30, ba magana, ba buɗe baki ana leƙawa. Bayan haka ka cire ta a hankali.

Har tsawon awa 24 kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da yawu. Ka haɗiye shi, ba zai cuce ka ba. Idan za ka yi alwala, ka ɗan sa ruwa a baki ka bar shi ya zubo da kansa, ba tare da wujijjiga shi ba. Kada ka tsotsi komai, ko ruwan leda ne. Kada ka taɓa wurin da harshe, yatsa ko tsinken sakace.

Leɓe da harshe za su yi nauyi na awa 2 zuwa 4 saboda allurar. Kada ka ci komai sai nauyin ya sake ka, don kada ka ciji kanka ba ka sani ba. Iyaye, ku sa ido a kan yara, sukan tauna leɓensu har ya yi gyambo.

Yau ba ranar noma ba ce, ba ta daka ba, ba ta faskare ko ɗaukar ruwa ba. Aikin ƙarfi yana tayar da jinin. Idan za ka kwanta, ka ɗaga kanka da matashi. Ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi ka ɗora a kumatu, minti 15 ka sauke, ka huta ka sake. Kada ka gasa wurin da ruwan zafi.

Ganin ɗan ja a cikin yawu a ranar farko ba abin tsoro ba ne, jini kaɗan yakan rine yawu mai yawa. Idan kuwa jini ne sosai yake cika baki, ka zauna, ka naɗe tsumma mai tsabta, ka jiƙa shi kaɗan, ka ɗora daidai kan ramin ka cije minti 30. Idan ka yi haka sau biyu bai tsaya ba, ka dawo asibiti ko da dare ne.

Abinci da magani

Ka sha koko ko kunu da ya huce, fura da nono, ka ci ayaba, dafaffen ƙwai, dankali ko tuwo mai laushi da miya marar yaji. Ka tauna da ɗaya gefen. Ka haƙura da gyaɗa, rake, ƙilishi, tsire, gasasshiyar masara da goro har mako guda. Taba ita ce babbar abokiyar gabar ramin nan, ko ta hayaƙi ko garin da ake sawa a baki. Ka bar ta aƙalla kwana 3, in ka iya mako, in ka bar ta har abada ya fi. Giya ma haka.

Don zafi, babba yana iya shan farasitamol na miligiram 500 guda 2 duk bayan awa 6. Kada ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24, domin yawansa yana lalata hanta. Na yaro ya danganta da nauyinsa, ka tambaya. Kada ka sha asfirin, yana hana jini daskarewa. Idan an ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka shanye shi yadda aka ce ko da ka ji sauƙi.

Daga rana ta biyu

Ka tafasa ruwa ka bar shi ya zama ɗumi. Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, ka riƙe ruwan a baki ka juya shi a hankali, ka zubar. Ka yi haka bayan kowane cin abinci da kafin barci, har mako guda. Ka ci gaba da goge sauran haƙora da buroshi ko asuwaki, sai dai ka kauce wa ramin. Idan ka ga wurin ya yi fari-fari kuma ba ya zafi, sabon nama ne, kada ka kankare.

Kumburi yakan fi yawa a rana ta 2 ko ta 3, sannan ya fara sacewa. Dasashi yakan rufe cikin mako 2, ƙashi kuwa sai ya ɗauki watanni. Idan an yi ɗinki, ka tambaya ko zaren mai narkewa ne ko sai ka dawo an cire.

Yaushe za ka dawo?

Idan zafi ya ragu, sannan tsakanin kwana 2 zuwa 4 ya dawo da zogi har kunne, baki yana wari, alama ce gudan jinin ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. Ƙwaya ba ta cika kwantar da shi ba. Ka zo a wanke ramin a sa magani a ciki.

Amma idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka jira gari ya waye ko ranar kasuwa: zazzaɓi da rawar ɗari, kumburi da yake ƙaruwa yana gangarowa ƙarƙashin haɓa ko yana hawa wajen ido, kasa buɗe baki, wahalar haɗiye yawu, ko wahalar numfashi. Kumburin da ya sauko wuya yana iya toshe hanyar iska cikin 'yan awoyi, kuma yana kisa. A nemi abin hawa nan take.

Ka ajiye wannan ɗan littafi, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba a gidanku. Sauran haƙoran da suka rage maka kuma, ka goge su safe da dare, ka rage sukari a shayi, idan ɗaya ya fara tsami da ruwan sanyi ka kawo a duba tun kogon yana ƙarami. Allah ya ƙara sauƙi.