Ka ƙara wa kat-kat girman tayoyi, to tayar sekur fa?

A titunan Yamai, Maraɗi da Damagaram, da wuya ka wuni ba ka ga Hilux ko Land Cruiser da aka cire wa tayoyin kamfani aka sa mata manya masu ƙwaƙƙwaran zane ba. Wasu don ado suke yi, wasu kuma don motar ta ƙara tashi daga ƙasa ta iya da rairayi da ramukan damina. Sai dai idan ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin motar, ko ka dubi ƙofar baya, sau da yawa tsohuwar tayar sekur za ka tarar, wadda ta zo da motar tun ranar da aka sauke ta daga jirgin ruwa. Guda 4 aka saya, ta 5 aka bar ta yadda take.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babbar taya tana da tsada, kuma ba kowa ke son zuba kuɗi a kan abin da zai rataye ba ya aiki ba. Tambayar ita ce: ranar da ɗaya daga cikin manyan ta fashe tsakanin Tanut da Agadas, wannan ƙaramar za ta fitar da kai?

Abin da lambobin jikin taya ke faɗa

Kowace taya tana ɗauke da girmanta a rubuce a gefenta. Ɗauki 265/70R16, girman da aka saba gani a motocin kat-kat. Lamba 265 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 70 tana nufin tsayin gefenta kashi 70 cikin 100 ne na wannan faɗin. Lamba 16 kuma girman janti ne a inci. Idan aka haɗa lissafin, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 777 ne.

Yanzu a ce mai motar ya koma 285/75R16, wadda masu son babbar taya ke yawan zaɓa. Janti bai canja ba, amma tsayin ya kai kusan milimita 834. Bambancin ya ɗan haura santimita 5 da rabi, wato kashi 7 cikin 100. A ido kamar ba wani abu ba ne. A kan hanya kuwa, ƙaramar tana juyawa kusan sau 409 a kowace kilomita, babbar kuma sau 382. Juyi 27 zuwa 28 ne tsakaninsu a kilomita guda. A tafiyar kilomita 100, ƙaramar ta riga babbar da juyi kusan 2,800, alhali sanda ɗaya ke riƙe da su. Wani abu a cikin motar ne zai shanye wannan bambancin.

Wa ke biyan bashin?

A tsakiyar pon, wato sandar da ke haɗa tayoyi biyu, akwai diferansiyal. Aikinsa shi ne ya bar taya ɗaya ta fi ɗaya sauri a lokacin shan kwana. An ƙera shi ya yi haka na ɗan lokaci, sannan ya huta idan hanya ta miƙe. Da zarar tayoyin biyu sun bambanta a tsayi, a wurinsa motar kullum cikin kwana take. Ƙananan haƙoransa ba sa hutawa, mai yana ɗaukar zafi.

Diferansiyal na yau da kullum yana iya jure wannan na gajeren zango idan ana tafiya a hankali. Amma akwai motocin da ponsu na baya ke da faranta masu hana taya ɗaya yin ta juyawa ita kaɗai a cikin laka ko rairayi, irin wanda ake kira LSD. Waɗannan farantan za su yi ta gogayya duk tsawon tafiyar har su cinye. Idan kuma direba ya kulle diferansiyal gaba ɗaya, dole tayoyin biyu su yi juyi iri ɗaya, sai ya zama a kowane juyi akwai kusan santimita 18 da roba za ta ja a ƙasa. A kan kwalta, wannan matsin yana komawa kan sandunan pon da haƙora.

Ba duk kat-kat ne iri ɗaya ba

A nan ya kamata mai mota ya san irin tasa. Hilux da Land Cruiser 79, wadda ake kira pikap, da ƴar uwarta 78, suna tafiya ne da tayoyin baya kawai, sai direba ya sa kat-kat da hannunsa. Ba su da diferansiyal a tsakiya, don haka da an sa 4H ko 4L, gaba da baya sun ɗaure, dole su yi gudu ɗaya. Shi ya sa ko da tayoyi daidai suke, ba a son a bi kwalta da kat-kat a sanye. Idan aka ƙara da taya guda mai guntun tsayi, matsin yana taruwa da sauri, har liba ta ƙi fita.

Prado da manyan Land Cruiser 100 da 200 kuwa, tayoyinsu 4 kullum suna ja. Suna da diferansiyal na uku a tsakiya mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. A irin waɗannan babu wata kusurwa da za ka ɓoye ƙaramar taya: duk inda ka sa ta, diferansiyal biyu ne za su yi ta aiki babu hutu, na pon da na tsakiya. Sababbin motoci kuma suna da na'urar da ke ƙirga juyin kowace taya don ABS da na'urar hana santsi. Idan ta ga ɗaya tana fin sauran sauri, tana iya ɗauka zamewa take yi, ta kunna fitila a gaban direba, ko ta taɓa birki, ko ta kashe kanta.

A cikin rairayi mai laushi matsin yana raguwa, domin tayar tana samun inda za ta zame. Sai dai wata matsala ce ke jira a can. Kusurwar da ƙaramar take tana sauka da kusan santimita 3, kuma tayar ba ta shimfiɗa a ƙasa kamar sauran ko an rage mata iska. Ita ce za ta fara tona rami.

Nisa ne ke yanke hukunci

Wanda motarsa ba ta wuce cikin gari, idan ya yi faci a Yamai, mai gyaran taya ba ya da nisa. Ƙaramar sekur za ta kai shi kilomita 5 ko 10 a hankali ba tare da wata ɓarna ba. Lamarin daban ne ga wanda ke bin hanyar Damagaram zuwa Agadas ta Tanut, mai fiye da kilomita 400, ko hanyar yuraniyom daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, ko mai shiga daji bayan Dakwaro zuwa Bermo. Masu nufar Dirku da wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten, da aka fara tururuwa zuwa cikinsu a 2014, sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa za ka ga motocinsu da sekur biyu a ɗaure.

A irin waɗannan hanyoyin, taya ba ƙusa kawai ke kashe ta ba. Dutse mai kaifi ko kututture yana tsaga gefenta, kuma taya mai tsagaggen gefe ba ta gyaruwa gyaran da za a amince da shi. Ke nan sekur ba aron rabin awa za ta yi ba. Ita ce za ta zama tayar motar har ƙarshen tafiya, da kaya da mutane a kanta, cikin zafin da kan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Samun 285/75R16 a ƙaramin gari kuwa sai an yi sa'a.

Abin da dole ya dace, da wanda ba dole ba

Tsayi shi ne na farko. Masu sana'ar taya kan ɗauki kashi 3 cikin 100 a matsayin iyaka, kuma ga motar da tayoyinta 4 kullum ke ja, gara a yi ƙasa da haka sosai. Sunan kamfani da irin zane suna iya bambanta idan aljihu bai kai ba. Tsohuwa mai lafiya wadda girmanta ya yi daidai ta fi sabuwa dal mai guntun tsayi.

Na biyu, nauyin da za ta iya ɗauka. Bayan girman akwai wata lamba: 112 tana nufin kilo 1,120, 121 kuma kilo 1,450. Pikap mai cike da buhuna da jarkoki ba ta san wacce ce sekur ba.

Na uku, janti. Hilux da Prado suna da ƙusoshi 6, Land Cruiser 100 da 200 kuma 5, haka ma 78 da 79 da aka ƙera daga 1999. Wanda ya sayi jantin hannu a kasuwa ya gwada shi a jikin motar kafin ya biya. Ya kuma duba ko notinan jantin alminiyom suna kama na ƙarfe, don ba kullum suke zama iri ɗaya ba.

Na huɗu, shekaru. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi 4: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta cika 5, a kuma cire ta idan ta kai 10, har da ta sekur, ko zanenta bai taɓa ƙasa ba. Wannan ya shafi ƴan uwanmu da ke turo motocin hannu daga Turai ko ƙasashen Larabawa: sau da yawa sekur ɗin sa'ar motar ce.

Sai wurin ajiya. A Hilux da manyan Land Cruiser, sekur tana rataye ne a ƙarƙashin baya da sarƙa, kuma babbar taya tana iya ƙin shiga ko ta matsa kusa da bututun hayaƙi. A motocin da ke ɗauke da ita a ƙofar baya, ƙarin nauyi yana gajiyar da maƙalan ƙofar a hanya mai gargada. Shi ma jak a gwada shi a gida, a ga ko yana ɗaga motar har babbar taya mai cikakkiyar iska ta shiga.

Idan ta riga ta faru

Direban Hilux ko 79 da faci ya kama da ƙaramar sekur yana da dabara guda. Idan tayar baya ce ta fashe, ya ciro babba daga gaba ya mayar baya, ya sa ƙaramar a gaba. Ya bar motar a 2H, idan tana da makullan hannu a tsakiyar tayoyin gaba ya buɗe su, kada ya kulle diferansiyal, ya rage gudu, ya kuma sani cewa birki da sitiyari za su iya ja gefe guda. Kat-kat sai inda rairayi ya tilasta, a cire da an fita. Mai Prado ko Land Cruiser 200 ba shi da wannan damar. Nasa shi ne tafiya a hankali zuwa mai gyara mafi kusa, ba tare da kulle diferansiyal na tsakiya a kan ƙasa mai tauri ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi 5 tun farko, a riƙa juya su duka a kan motar kusan kowace kilomita 10,000, muddin jantinsu iri ɗaya ne kuma zanensu ba mai bin gefe guda ba ne. Ta haka suna cinyewa tare, kuɗin ta biyar bai kwanta a banza ba, kuma ba za ta tsufa a rataye ba. Wanda kuɗinsa bai kai na manya 5 ba, ya fi masa alheri ya tsaya a girman da motar ta zo da shi har ya tara.