Ɗaga Tsohuwar Motar Tsere a Gida: Kayan Aiki da Matakan da Za Su Hana Ta Danne Ka

Porsche 911 SC, wadda aka ƙera tsakanin 1978 da 1983, nauyinta kusan kilo 1,200 ne. A cikin motoci ba ta cikin masu nauyi, amma in ta sauko a ƙirjin mutum ba zai iya jan numfashi ba, balle ya yi ihun neman taimako. Masu irin waɗannan tsofaffin motoci a Turai da Amurka sukan so su yi musu juye ko gyaran birki da hannunsu a gida, domin ba kowane bakanike ne ya san su ba. Sai dai kafin a taɓa noti ko ɗaya, dole a ɗaga motar, kuma a nan ne haɗari biyu suke: na ran mai gyara, da na jikin motar da ta haura shekara 40.

Abin da ya bambanta su da sauran motoci

Na farko shi ne kusancinsu da ƙasa. Tazarar da ke tsakanin cikin Jaguar E-Type, wadda ta fito a 1961, da ƙasa kusan santimita 14 ce kawai, kuma da yawa daga cikin masu waɗannan motoci sukan ƙara sauke su. Jak na yau da kullum mai tayoyi kansa yakan kai santimita 13 ko fiye tun yana kwance, wato ko dai ya ƙi shiga, ko ya shiga ya tokare bamba.

Na biyu shi ne ƙira. Chevrolet Corvette ta 1968 zuwa 1982 jikinta na faiba ne a kan casis na ƙarfe, don haka duk jak ɗin da ya kauce wa casis ya dafa faiba, tsagewa za ta biyo baya. Lotus Elan ta 1962 ita ma faiba ce, ƙarfinta yana cikin wani ƙarfe da ya ratsa tsakiyarta kamar ƙashin baya. Datsun 240Z da MGB kuwa bodi da casis a haɗe suke wuri guda, ƙarfinsu ya dogara da lafiyar ƙarafunan da ke ƙarƙashin ƙofofi da dabe.

Na uku shi ne tsatsa. Wurin da kamfani ya ware domin jak a 1972 ba lallai ne ya iya ɗaukar nauyi a yau ba. Tsatsa daga ciki take ci, fenti yana rufe da ita.

Jak ɗin da ya dace

Abin da ake nema shi ne jak mai tayoyi wanda aka ƙera musamman domin motoci masu ƙasa-ƙasa. Irinsu kansu yakan sauka zuwa santimita 7 ko 9, kuma suna da dogon wuya da zai kai tsakiyar mota ba tare da hannun ya bugi bodi ba. Kafin ka saya, ɗauki tef ka auna daga ƙasa zuwa wurin da za ka dafa, sannan ka rage kaurin robar da za ka ɗora a kan jak ɗin.

Batun ƙarfi ba shi da wuya. Injin 911 a baya yake, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta yana kan tayoyin baya, wato kimanin kilo 700. Jak mai tan 2 ya wadatar har da rara.

Jak mai siffar kwalba ya yi tsayi, kuma gindinsa ƙarami ne. Wanda ya zo da motar kuwa na canjin taya ne a bakin hanya, ba a yi shi don a shiga ƙarƙashi ba.

In jak ɗinka ya ƙi shiga, hanya mafi sauƙi ita ce ka fara hawa da motar kan falanki mai kaurin santimita 5 da aka soke bakinsa. Wannan ɗan ƙarin yakan buɗe hanya. Haka lissafin yake ga matakalar hawa da ake sayarwa: in tsayinta santimita 15 ne, tsawon gangararta santimita 50, kwanarta ta haura digiri 17, kuma bamba za ta riga taya isa. In aka miƙa gangarar zuwa santimita 120, kwanar ta koma kusan digiri 7. Shi ya sa kamfanoni irin su Race Ramps suke yin nasu dogaye.

Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba

Jak mai aiki da mai tsohuwar fasaha ce. Tushenta bayanin Blaise Pascal ne, masanin Faransa na ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufe yana yaɗuwa ko'ina daidai. Joseph Bramah ya yi rajistar matsa mai aiki da ruwa a Ingila a 1795, sannan Richard Dudgeon ya yi rajistar jak mai ɗaukuwa a Amurka a 1851. Har yau abin da ke hana mai komawa baya shi ne ɗan ƙaramin ƙwallon ƙarfe a cikin bawul da zoben roba. Ƙwayar yashi ɗaya a bakin bawul, ko roba da ta bushe, ta isa ta sauke mota.

Saboda haka da zarar mota ta tashi, nauyinta ya koma kan matokaran ƙarfe. Masu ƙusa da ake zurawa ta ratsa rami sun fi kwanciyar hankali. In masu haƙora ne, a nemi waɗanda aka ƙara musu ƙusar kullewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai kusan miliyan 1.7 masu tan 3 da tan 6 daga kasuwa, domin harshen da ke kama haƙoran yana iya suɓucewa. Wasu daga cikin waɗanda aka bayar a madadinsu su ma aka sake janye su saboda matsalar walda. A kuma lura, nauyin da ake rubutawa a jikin matokari sau da yawa na guda biyu ne a haɗe.

Bulon siminti da ake yawan gani a garejojinmu ba matokari ba ne. Ƙarfe yakan lanƙwasa ya ba da alama, bulo kuwa farfashewa yake yi nan take.

Ina ake dafawa?

Littafin gyaran motar shi ne alƙali. A tsohuwar 911 akwai rami mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin kowace ƙofa. Ana sayar da wani ɗan ƙarfe mai faifai da ake zurawa ciki, jak ya dafa faifan ya ɗaga gefen motar gaba ɗaya. A baya, masu gyara sukan kafa matokarai a ƙarƙashin murafen sandunan murɗa da ke gaban tayoyin baya, domin wurin yana da ƙarfi.

Wuraren da ake gudu su ma a san su. Tankin fetur na 911 a gaba yake, can ƙasa. A yawancinsu bututan baƙin mai suna bin gefen dama zuwa gaba, kuma in jak ya matse ɗaya, mai zai ragu a hanyarsa ba tare da ka gani ba. A kowace mota a kauce wa dabe, salansa, tukunyar baƙin mai da lagireto.

Kafin ka dafa, soki wurin da sukundireba. In ƙarfe ya lotsa ko ya zubo da gari, nemi wani wuri. Sannan kada ƙarfe ya haɗu da ƙarfe kai tsaye: sa roba mai kauri ko katako mai tauri a tsakani.

Matakan aikin

Fara da wuri. Daben siminti ake so, shimfiɗaɗɗe. Yashi yana nutsewa, kwalta kuma tana laushi da zafin rana har ƙafar matokari ta shige. Share dabe tas, domin wuyan jak ba a miƙe yake tashi ba, lanƙwasa yake yi. Dole jak ɗin ya gangaro ciki a kan tayoyinsa yayin da mota ke tashi. In tsakuwa ta tare shi, shi zai jawo motar, ko kansa ya zame.

Bari injin ya huce. Sa giya ɗaya, ja birkin hannu, ka sa weji gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Ka tuna birkin hannu da giya duk tayoyin baya suke riƙewa a waɗannan motoci, don haka da ka ɗaga baya, weji ne kaɗai ya rage.

Sassauta notocin taya tun motar tana ƙasa. In tayoyin waya ne masu babban noti ɗaya a tsakiya, kamar na E-Type, duba kibiyar da ke jikinsa, domin zaren gefe ɗaya a juye yake.

Ɗaga a hankali har taya ta bar ƙasa, ka tsaya ka duba ko robar tana nan daidai. In za ka ɗaga duka kusurwoyi huɗu, yi shi hawa-hawa: ɗan tsayi a wannan ɓangare, ɗan tsayi a wancan, maimakon ka kai ɓangare ɗaya ƙololuwa. Sauke motar kan matokarai sannu a hankali, ka tabbata duk ƙafafunsu suna ƙasa.

Yanzu girgiza ta da ƙarfi daga gefe da kuma baya. In za ta faɗi, gara ta faɗi kana tsaye. Mayar da jak ya ɗan taɓa wani wuri mai ƙarfi a matsayin kariya ta biyu, ka kwantar da tayar da ka cire a ƙarƙashin gefen motar a matsayin ta uku. In motar marar rufi ce, bodinta yakan ɗan murɗe a sama, don haka kada ka tilasta ƙofar da ta cije.

Kada ka shiga sai da wani a gida da ya san kana ciki, wayarka kuma tana inda hannunka zai kai. In noti ya ƙi kwancewa, fesa masa mai ka jira. Fizgar sifana da dukan ƙarfi tana iya ture mota daga kan matokari.

Na'urorin da suka sauƙaƙa aikin

Wanda yake yawan wannan aiki zai iya duba QuickJack na kamfanin BendPak: firam biyu ne da ake turawa ƙarƙashin gefunan mota, famfon lantarki ya ɗaga su tare zuwa kusan rabin mita, sannan sandunan ƙarfe su kulle su. Akwai mai aiki da batirin mota, abin da zai yi amfani inda wuta ba ta tsayawa. MaxJax kuwa ginshiƙai biyu ne da ake ɗaurewa a dabe, yana buƙatar siminti mai kaurin da ya haura santimita 10. Duk da haka ƙa'idar ba ta canza ba: sai makullin ƙarfe ya kama ake shiga.

Wajen saukewa a bi matakan a juye, a buɗe bawul ɗin jak kaɗan-kaɗan, a ƙarasa ɗaure notoci bayan taya ta taka ƙasa, da sifana mai awo. Na 911 awonsu 130 Nm ne. Duka shirin bai fi minti 20 ba, kuma hanyar lafiya, a bi ta da shekara.